Baƙon da Ba Ya Jin Harshen Gari

Akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi a cikin samari da 'yammatan Turai, da Amurka, da Ostireliya. Yaro ya gama makaranta, ko kuwa ya gaji da aikin ofis, sai ya tara 'yan kuɗi, ya ɗura tufafinsa cikin jaka guda, ya goya ta a baya, ya kama hanya zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba. Ba fatauci ya kai shi ba. Yana so ya ga duniya ne kawai. Domin guzurinsa ya daɗe, ya kan nemi gidan da za a ba shi wurin kwana da abinci, shi kuwa ya yi musu aiki na awa 4 ko 5 kowace rana. Ana ce da wannan aikin sa kai. Sau da yawa ba ya jin ko kalma goma ta harshen mutanen da ya sauka a cikinsu.

Al'adar ba ta yau ba ce. Cikin shekarun 1960 da na 1970 samarin Turai da yawa sun bi ta ƙasa daga Landan zuwa Istanbul, da Tehran, da Kabul, har Indiya da Katmandu. Hanyar nan ta toshe a 1979, sa'ad da aka yi juyin mulki a Iran, sojan Tarayyar Sobiyat kuma suka shiga Afganistan. Wani mutum da matarsa, Tony da Maureen Wheeler, sun bi ta a 1972, suka buga ɗan littafin jagora a 1973, daga nan ne kamfanin Lonely Planet ya samo asali. A 1971 kuma wata sakatariya a Landan, mai suna Sue Coppard, ta soma shirya wa mutanen birni zuwa gonaki su yi aiki a bakin abinci da makwanci. Ƙungiyar WWOOF ke nan, wadda ta bazu cikin ƙasashe da yawa. Yanzu akwai waɗansu irinta, kamar Workaway, masu haɗa matafiyi da mai gida ta intanet.

Cikin wuraren da samarin nan su kan nema akwai gidajen hutu da neman lafiya. Waɗannan gidaje ne da baƙi masu kuɗi su kan sauka na mako ɗaya ko biyu, domin su huta daga hayaniyar birni. Ana ba su abinci na ganye da 'ya'yan itace, ana yi musu tausa, ana koya musu zaman shiru da irin motsa jikin nan da ya fito daga Indiya, wanda a ke kira yoga. Bari mu ɗauki wuri ɗaya mu duba shi da kyau, watau garin Ubud da ke tsibirin Bali cikin ƙasar Indonesiya. An ce sunan garin ya fito daga kalmar da ta ke nufin magani a harshen Bali. Mutanen tsibirin sun ɗara miliyan 4, yawancinsu kuwa addinin Hindu su ke bi, ko da shi ke yawancin mutanen Indonesiya Musulmi ne. A 2019 baƙi fiye da miliyan 6 suka shiga Bali daga ƙasashen waje.

Ga tambayarmu. Mutumin da ya je irin wannan gida ya yi aiki, ba ya kuwa jin harshen mutanen wurin, hidima ya yi, ko kuwa nauyi ya zama? Tambayar ta shafe mu, gama ba batun yawo kaɗai ba ne. Batun haƙƙin baƙo ne da haƙƙin mai gida.

Abin da ya ke da kyau a ciki

Bari mu fara da gaskiyar da ke wajen matafiyan, gama suna da ita. Ba kowace hidima ce ta ke bukatar magana ba. Tsintsiya ba ta da yare. Mai wanke kwano, da mai ɗebo ruwa, da mai cire ciyawa a lambu, za su iya aiki tare daga safe har yamma da nuni da hannu kaɗai, su kuma rabu suna ƙaunar juna. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, fuska kuwa kowa yana iya karanta ta.

Akwai kuma wata riba ga shi matafiyin. Mutumin da ya ke da digiri a garinsu, idan ya sauka inda ba ya jin harshe, ya kan koma kamar yaro ɗan shekara 2. Ba ya iya tambayar hanyar kasuwa. Yara su kan yi masa dariya. Dole a kama hannunsa a nuna masa kome. Wannan makaranta ce ta tawali'u wadda ba a samun irinta cikin littafi. Wanda ya taɓa zama bebe a bakin ƙofar wani, da wuya ya sāke raina baƙon da ya zo garinsu yana karya harshe. Saboda haka ba mu ce rashin jin harshe ya hana mutum tafiya ba. Da haka ne, da ba wanda zai taɓa barin ƙauyensu.

Wa ya ke ɗaukar nauyin?

Amma matafiyan su kan komo gida da wata magana wadda ya kamata mu auna. Su kan ce, “Ban ji harshensu ba, amma ban sha wata wahala ba.” Gaskiya ne ba su sha ba. To, wa ya sha?

A yawancin gidajen nan na Ubud Turanci a ke yi da baƙi. Mai koyar da yoga da Turanci ya ke koyarwa, masu biyan kuɗi ma shi su ke ji. Ashe katangar harshe ba ta tsakanin ɗan sa kai da baƙin gidan. Tana tsakaninsa da kuku, da mai shara, da mai lambu, da mai wanki, watau mutanen ƙasar waɗanda su ne ƙashin bayan gidan. Mu dubi kukun nan. Da harshen Bali uwarsa ta yi masa rawa, harshe ne kuwa mai hawa-hawa, kalmar da za ka faɗa wa abokinka dabam ta ke da wadda za ka faɗa wa babba ko firist. A makaranta ya koyi harshen Indonesiya, wanda ya haɗa ƙasar da ke da harsuna fiye da 700. Sa'an nan ya tsinci Turanci domin ya ci abinci. Harshe 3 ke nan a bakinsa. Ɗan sa kai ya zo da ɗaya tak. Duk sa'ad da suka fahimci juna, kukun ne ya haye kogi ya zo wurinsa. Shi ne ya ajiye wuƙarsa ya nemo kalma, shi ne ya maimaita sau uku, shi ne ya gyara abin da aka ɓata domin ba a gane umarni ba. Bayan mako 3 baƙon ya ɗauki jakarsa ya wuce, wani sabo ya zo, kuku ya sāke farawa daga farko.

Fataken ƙasarmu da suka yi ta zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan. Idan ayari ya isa kasuwar Salaga, akwai mai masauki wanda ya ke saukar da su, ya haɗa su da masu saye da sayarwa, ya tsaya a tsakani inda harshe ya gagara. Ba a banza ya ke yi ba, yana da la'adarsa. Mutanen da sun gane tsayawa tsakanin harshe biyu aiki ne, mai aiki kuwa ya cancanci ladansa. Ɗan sa kai na yau ya kan karɓi wannan aiki kyauta daga hannun wanda ya fi shi talauci, sa'an nan ya koma gida yana ganin shi ne ya bayar.

Sa kai ne, ko musaya?

Abu na biyu shi ne sunan da a ke ba aikin. Idan muka ce mutum ya sa kai, muna nufin ya ba da ƙarfinsa ga mabukaci ba don lada ba. Amma gidan hutu kasuwanci ne. Baƙi suna biya, mai gida yana cin riba. Saurayin da ya share ɗakin yoga domin a ba shi gado da abinci, ciniki ya yi: ƙarfinsa a bakin makwanci. Ciniki ba laifi ba ne. Laifin yana wajen sa wa ciniki rigar sadaka, gama mai yin haka ya kan ruɗi kansa, ya ɗauka ana binsa godiya.

Akwai kuma mutum na uku wanda ba a gayyace shi wurin cinikin ba. Shi ne ɗan ƙasar da zai iya yin sharar nan a biya shi, ya ciyar da iyalinsa. Mutanen Bali sun dogara ƙwarai ga aikin da baƙi ke kawowa. An ga haka a 2020, sa'ad da annobar korona ta tsai da jiragen sama, tattalin arzikin tsibirin ya ragu da fiye da kashi 9 cikin 100 a shekara guda. Inda aiki ya ke da daraja haka, kowace tsintsiya da aka miƙa wa baƙon da ba ya karɓar albashi, an ɗauke ta daga hannun wani ne. Dokar ƙasar ma ba ta bar abin haka ba. Bizar ɗan yawon buɗe ido ba ta ba shi ikon yin aiki, hukumar shige da fice kuma ta kan kori baƙin da ta kama suna yi.

Wani zai ce, “Ai ɗan sa kai ya kan kawo abin da babu a wurin. Yana iya rubuta wasiƙa da Turanci mai kyau, ko ya gyara lissafin gidan a kwamfuta.” Mai gida ma zai ce, “Ba ni da kuɗin ɗaukar wani ma'aikaci, in baƙon bai yi ba, aikin zai kwana.” Wani lokaci wannan gaskiya ne. Ga ma'aunin da za a gwada shi da shi. Ran da baƙon ya tafi, akwai ɗan ƙasa da ya iya abin da bai iya ba a da? Idan akwai, an yi hidima. Idan kuwa sai an jira wani baƙo ya zo ya ɗora daga inda wancan ya tsaya, to mai gida ya sami leburan da ba ya biya ne kawai. A nan kuma harshe ya sāke shigowa, gama da wuya ka koya wa mutum sana'a ba ka iya magana da shi.

Baƙo ko da ido makaho ne

Abu na uku shi ne ɓarnar da rashin sani ke yi. Kowace safiya matan Bali su kan saƙa 'yan ƙananan faifai da ganyen kwakwa, su zuba furanni da 'yar shinkafa, su kunna turare, su ajiye a bakin ƙofa da gefen hanya. Baikonsu ke nan bisa ga addininsu. Baƙon da aka ba tsintsiya, bai kuwa iya tambaya ba, yana iya share su tun turaren bai mutu ba, yana tsammani shara ce. Sau ɗaya kuma a shekara, yawanci cikin watan Maris, suna da ranar shiru da su ke kira Nyepi. Ba a aiki, ba a tafiya, ba a kunna wuta, har filin jirgin sama ma a kan rufe shi awa 24. An sha samun baƙin da suka fito yawo ran nan. Abin ya kai a 2023 gwamnan Bali, Wayan Koster, ya fid da takarda mai jera abin da baƙo zai yi da abin da ba zai yi ba, musamman a wuraren da su ke ɗauka da tsarki.

Mutanen wurin ba su cika tsawata wa baƙo a fili ba. Su kan yi murmushi. Wanda ba ya jin harshe sai ya ɗauki murmushin nan yarda ce, alhali kuwa wani murmushi kunya ce, wani haƙuri ne, wani ma ɓacin rai ne da aka rufe. Mun ce kowa yana iya karanta fuska, amma farkon shafi kaɗai ya ke karantawa. Sauran yana cikin magana.

Rashin sanin nan kaifi biyu gare shi. Yadda mutum zai taka abin da wani ke girmamawa bai sani ba, haka kuma zai shiga abin da lamirinsa ba zai yarda da shi ba da ya sani. A gidajen nan a kan haɗa motsa jiki da rera waɗansu kalmomi na Sanskirit, tsohon harshen addinin Hindu, waɗansunsu kuwa kirari ne ga allolinsu. Ɗan ikilisiya da ya sami kansa a wurin ba shi da dalilin zagi ko raini, gama shi baƙo ne a gidan mutane. Amma ya kamata ya tambayi ma'anar abin da a ke so ya faɗa kafin ya buɗe baki. Tambayar ma girmamawa ce ga masu addinin, tun da shi ke ta nuna bai mai da ibadarsu abin wasa ba.

Ƙofar da ke buɗewa gefe ɗaya

Sauran abu ɗaya wanda bai kamata mu tsallake ba. Saurayi daga Jamus ko Faransa yana iya sauka a Bali ya karɓi biza a filin jirgin sama. Kukun da ya yi masa tafinta ba zai iya zuwa Jamus haka ba. Sai ya nemi biza tun daga gida, ya nuna takardar banki, ya tabbatar zai komo, a kan kuwa hana shi. Idan ya samu ya shiga, aka same shi yana shara a bakin abinci da makwanci, ba wanda zai ce da shi ɗan sa kai. Baƙon haure za a kira shi. Aiki ɗaya, suna biyu. Mai riƙe da fasfon Nijeriya ko na Nijar ya san wannan ƙofa sarai.

Ba saurayin ne ya shirya duniya haka ba, ba ma ɗora masa laifin. Amma wanda aka buɗe wa ƙofar da aka rufe wa waɗansu, bashi ya hau kansa. Talaka idan ya je ƙasar wani dole ya koyi harshe, in ba haka ba ya kwana da yunwa. Mai hali ne kaɗai ya ke iya zama wata 3 a gari bai koyi gaisuwa ba. Don haka rashin koyon ba ƙaramin abu ba ne. Yana faɗa wa mutanen gari cewa su ne za su zo wurinka kullum.

Abin da muka gani

Ga inda muka tsaya. Rashin jin harshe ran da mutum ya sauka ba laifi ba ne, kowane baƙo haka ya ke farawa. Ƙin koyo shi ne laifi. Ba yawan kalmomin da ya tara za a ƙirga ba, sai dai a duba ko yana takawa zuwa wajen mutanen, ko kuwa yana zaune yana jira su tako.

Takawar kuwa ba ta fi ƙarfin kowa ba. Harshen Indonesiya da baƙaƙen boko a ke rubuta shi. Bahaushe ma zai tarar da 'yan'uwa a ciki, gama su ma sun aro daga Larabci kamar yadda muka aro. Suna cewa dunia, mu muna cewa duniya. Ilmu shi ne ilimi, sabun shi ne sabulu, Kamis Alhamis ce, Jumat kuwa Jumma'a. A cikin mako guda mutum yana iya koyon gaisuwa, da godiya, da ƙirga, da neman gafara. Yana iya koyon ce wa babbar mace Ibu, babban namiji Bapak, kamar yadda mu ke cewa Inna da Baba. Yana iya gane cewa sunayen nan da ya ke ta ji, Wayan, da Made, da Nyoman, da Ketut, suna nuna ɗan fari ne, da na biyu, da na uku, da na huɗu. Ba a miƙa abu da hagu a can, kamar dai a nan. Wanda ya kira mai shara da sunansa, ya gaishe shi da harshensa, ko da a karye, ya riga ya rage masa kaya.

Bayan wannan sai abu huɗu. Ya shiga da takardar da ta dace da abin da zai yi, kada ya ce yawo ya zo alhali aiki zai yi. Ya tambayi mai gida tun kafin ya taso ko aikin nan na wani ɗan ƙasa ne a da. Ya sa kansa ƙarƙashin ma'aikatan wurin, ya bar su su zama malamansa. Ya kuma daɗe, gama wata 3 a gida ɗaya ya fi mako ɗaiɗai a gida 12. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya zauna ya ji amsa.

'Yan'uwa, kaɗan ne daga cikinmu za su ga Bali. Amma tun 1973 a ke tura 'ya'yanmu da suka gama jami'a bautar ƙasa zuwa jihohin da ba su jin harshensu, ana kuma turo mana 'ya'yan waɗansu. Waɗansunmu suna aikin asibiti ko koyarwa a ƙauyukan da Hausa ba ita ce harshen gida ba, mun kuwa saba kowa ya yi mana Hausa, har mun manta wani ne ya ke hayewa ya zo wurinmu. Idan ɗanmu zai tafi, bari mu gaya masa ya komo da gaisuwar mutanen a bakinsa da sunayensu a zuciyarsa. Idan kuma ɗan wani ya sauka a cikinmu yana karya Hausa, kada mu yi masa dariyar da za ta rufe masa baki. Mu maimaita masa a hankali, mu kuma tambaye shi yadda a ke cewa sannu a garinsu.